Guguwar da ba ta zuwa Libreville

Yau a Libreville za mu ya da zango, babban birnin Gabon, kuma da tambaya na zo. Gari ne a bakin Tekun Atlantika, tekun da ke haifar da mahaukaciyar guguwa kowace shekara. To me ya sa ba ma jin an ce irin wannan guguwa ta baje Libreville?

Ku fara jin irin ɓarnar da nake nufi. Ranar 6 ga Satumba, 2017, guguwar Irma ta sauka kan wani ɗan tsibiri na yankin Karibiyan mai suna Barbuda, da iska mai gudun kilomita 285 a sa'a guda. Na'urar auna iskar ma ba ta kai labari ba, iskar ta gama da ita. Da gari ya waye, cikin gida goma da ƙyar ka sami ɗaya da bai taɓu ba. Ana cikin wannan hali sai ga wata, Jose, ta doso. Sai aka kwashe mutanen tsibirin kakaf, ba su kai 2,000 ba, aka kai su Antigua. Kakaf fa, masu sauraro. Aka bar karnuka da dabbobi suna yawo cikin kango.

Daga ina Irma ta taso? Nan ne ni kaina na riƙe baki. Daga wajenmu. Kun san hadarin Agusta da ke haɗowa daga gabas, ya tsuge ruwa a Kano ko Maraɗi, ya yi yamma abinsa? To wani irinsa ba ya mutuwa a hanya. Yakan ratsa Mali da Senegal ya faɗa teku, wajen tsibiran Cape Verde. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi, kamar digiri 26 ko fiye, sai ya sha ƙarfi ya fara juyi. A wajen tsibiran nan Irma ta zama guguwa, ranar 30 ga Agusta. Ruwan da manomi ke roƙo a nan, ɗan'uwansa ne ke cire rufin wani a can.

Juyin nan shi ne amsar tambayarmu. Guguwa kamar katantanwar yara take, sai an murza ta take tsayawa da ƙafarta. Mai murzawar kuwa juyawar duniya ce, abin da masana ke kira ƙarfin Coriolis, da sunan wani Bafaranshe da ya yi bayaninsa a 1835. A kan layin da ya raba duniya biyu, ikwaita, babu wannan murzawa sam. Sai an yi nisan kilomita 500 ko makamancin haka kafin ta kankama. Libreville kuwa ko kilomita 50 babu tsakaninta da layin. Babu mai murza katantanwa a can.

Kada dai mu cika baki. A Disambar 2001 guguwar Vamei ta taso kusa da Singafo, dab da layin, ta bar masana da mamaki.

Kuma ba a ce Libreville ta huta ba. Ruwan da take sha a shekara yana kusantar milimita 3,000, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, don haka ambaliya ce ciwon kanta.

Na ga injiniyan shirin yana ɗaga mini hannu, alamar lokaci ya ƙure. A gurguje: sunan Libreville yana nufin garin 'yantattu. A 1849 Faransa ta zaunar da bayin da sojojin ruwanta suka ƙwato daga jirgin Elizia a wurin. Babbar kasuwar garin, Mont-Bouët, kuma sunan hafsan ruwan Faransa Bouët-Willaumez ta ci. Sunan Irma kuwa an soke shi saboda ɓarnarta, an sa Idalia a gurbinsa.