Shafen Zinariya da Yadda Ake Nazarin Fuskarsa

Manufar wannan taƙaitaccen bayani ita ce a nuna yadda masana kimiyya ke shimfiɗa zinariya siririya a kan gilashi, da kuma dalilin da ya sa suke ƙwallafa rai ga sanin kamannin fuskarta. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan shi ne nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Tun a shekarar 1857 Michael Faraday na Ingila ya bayyana cewa zinariya in ta yi siranta ainun haske yakan ratsa ta, ya fito kore.

Hanyoyin shafen da suka shahara biyu ne, kuma duka a cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa ake yin su. A ta farko akan dafa zinariyar ta narke, a zafin digiri 1064 na ma'aunin Salshiyas, a ci gaba da ƙara mata wuta har tururinta ya tashi ya daskare bisa gilashin. A ta biyu kuwa, ƙwayoyin iskar agon ne ake harbawa su ɓanɓaro ƙwayoyin zarra na zinariyar. Da yake zinariya ba ta kama gilashi sosai, akan fara sa ɗan shafen kuromiyam ko taitaniyam.

Abin lura shi ne, zinariyar ba ta sauka a baje. Da farko takan taru ne tsibiri-tsibiri, sai ta ƙara kauri tsibiran su haɗe. Muddin ba su haɗe ba, lantarki ba ya bin shafen yadda ya kamata, kuma na'urar da aka ƙera da shi ba za ta yi aiki ba. Ganin waɗannan tsibirai ya sauƙaƙa bayan 1981, sa'ad da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Zurik suka ƙago madubin da ke laluben fuskar ƙarfe da tsinin allura. Aikin ya jawo musu lambar Nobel a 1986.

Alal misali, madubin hangen taurari na James Webb da aka harba a 2021 yana da faifai 18 a babban madubinsa, kowane da shafen zinariya mai kaurin kimanin nanomita 100. A taƙaice dai, ingancin irin waɗannan kayayyaki ya rataya ne a kan yadda ƙwayoyin zinariyar suka jeru a fuskar shafen.