Bitcoin a Bangi: darasi ga ƙasashe masu cin kuɗin sefa

A watan Afirilu na 2022, majalisar dokokin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta amince da Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa, tare da sefa. Ita ce ƙasa ta biyu a duniya da ta yi haka, bayan Salbado a 2021.

Shi Bitcoin kuɗi ne wanda ba ya da takarda ko ƙarfe. An ƙirƙiro shi a 2009, yana yawo cikin intanet, kuma babu bankin da ke mulkinsa. Wannan shi ne abin da ya ja hankalin mahukuntan Bangi.

Dalilinsu sananne ne. Faransa ce ta kafa sefa ranar 26 ga Disamba 1945, zamanin mulkin mallaka. A Janairu 1994 aka karya darajarsa da rabi, talaka ya wayi gari kayan waje sun yi tsada. Tun 1999 yana ɗaure da yuro: sefa 655,957 a kan yuro guda. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun daina ajiye rabin kuɗinsu na waje a baitulmalin Faransa bayan yarjejeniyar Abijan ta Disamba 2019, amma takardun kuɗin a Faransa ake buga su.

To, sai dai maganin bai dace da cutar ba. A lokacin, kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke samun intanet a ƙasar, wutar lantarki kuwa ba ta wadaci ko Bangi ba. Ga shi darajar Bitcoin ba ta zama wuri guda: daga dalar Amurka kusan 69.000 a Nuwamba 2021, ta faɗo kusan 16.000 bayan shekara ɗaya. Wane manomi ne zai sayar da amfanin gonarsa da irin wannan kuɗi? Babban bankin yankin, mai mazauni a Yawunde, ya ƙi amincewa, kuma a Maris 2023 majalisar ta janye matsayin.

Ƴan uwa masu karatu, yau da ake zancen sabon kuɗi a ƙasashen Sahel, ya kamata mu riƙe wannan darasi. Ƙarfin kuɗi daga rumbu yake fitowa: albasar Galmi, dabbobinmu, yuraniyom na Arlit, da amanar hukumar da ke riƙe da asusu. Ƙasar da ba ta tanadi waɗannan ba, ko wane suna kuɗinta ya ɗauka, wani ne zai yanka masa daraja.