Chappal Waddi: Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, da mutanen da ke gindinsa

Ka tambayi abokanka a WhatsApp wane dutse ne ya fi tsawo a Najeriya, za ka ji amsoshi kala-kala. Wani zai ce Zuma, Bakano kuwa ba mamaki ya ce Dala. Amsar ita ce Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, a jihar Taraba, kan iyakarmu da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 ne daga doron teku, kuma yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan.

Zuwa wurin kansa aiki ne. Daga Jalingo za ka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take, kuma a nan ake neman izini da jami'an rakiya. Daga Mayo Selbe sai mota ta fara hawan tsaunin Mambila, hanya tana murɗewa kamar maciji, har ka fito Maisamari, sannan Nguroje. Daga nan sai babur, shi ma akwai inda zai ce ya gaji. Sauran tafiyar ta ƙafa ce, kwana da kwanaki, ana haura tudu ana tsallake rafi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina ƙasa santsi gare ta, rafuka su cika, hazo ya rufe hanya har ka kasa ganin na gabanka. Sanyin dare kuma ba irin wanda muka saba da shi ba ne, don haka rigar sanyi mai kauri da takalmi mai ƙwari ba na gayu ba ne. Kada ka dogara da waya, domin sabis ɓacewa yake yi.

Amma abin da hotunan Instagram ba sa nunawa shi ne, wannan hanya gidan wasu ce. Akwai Mambilawa manoma masu masara da ayaba da piya, akwai Fulani makiyaya da ke kiwo a kan tuddan, saboda ciyawa tana da yawa kuma ƙudan tsando bai cika damun shanu ba. Fulatanci ne harshen kasuwa a yankin, ko da yake Hausa ma tana aiki. Ka koyi "jam na" da "useko" kawai, za ka ga yadda fuska ke sakewa. A gidan Bamambile za a iya sa maka tuwon masara da miyar kumbi, a ruga kuma ƙwaryar kindirmo.

To, a nan ne wasunmu ke kwafsawa. Mutum ya shigo ƙauye, ko sallama bai gama ba ya ɗaga waya yana ɗaukar mata da yara, ya watsa a TikTok da taken "mutanen daji". Haba! Ƙa'ida ita ce a fara zuwa gaishe da jauro ko arɗo, a faɗi abin da ya kawo ka, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. Yankin ya sha fama da rikicin manoma da makiyaya, har da na 2017, don haka baƙo ya iya bakinsa kan maganar fili da shanu.

Sai batun kuɗi. Matashin da ya ɗaukar maka jaka ya haura da ita dutse, kada ka tsaya kana yi masa tayin wulaƙanci. Ku yi ciniki tun kafin a tashi, ka biya shi cif. Ledar ruwa da gwangwanin da ka hau da su, ka sauko da abinka, domin a dajin nan ne wasu daga cikin ragowar birai nau'in cimfanzi na Najeriya da Kamaru suke rayuwa.

Idan kuna shirin zuwa a hutun ƙarshen zango, ku haɗa ƙungiya, ku tuntuɓi hukumar gandun kan yanayin tsaro, ku sanar da iyaye ranar tafiya da ranar dawowa. Kuma ku tafi da goro da sukari na gaisuwa.