Me Aku Yake Nema da Labaransa?

Ɗaliban sakandare da yawa sun karanta Magana Jari Ce, kuma in ka taɓa su za su zayyano maka labaran tiryan-tiryan. Amma tambaye su abin da ya sa aku yake ta zuba labari dare bayan dare, sai aji ya yi tsit. Alhali kuwa nan gizo ke saƙa. A littafi na farko, wanda ya fito a 1937, Sarki ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, Musa ɗan Sarki kuma ya kafe sai ya fita. Aku ba shi da takobi, ba shi da ikon tsare ɗan sarki. Baki kawai gare shi. Kowane labari nasa dabara ce ta riƙe yaro har gari ya waye.

Malamin da ya jawo hankalin ɗalibansa nan, ya fara koya musu balaga ke nan, ko bai ambaci sunanta ba. Wa ke magana? Wa yake gaya wa? Me yake so a yi, kuma da me yake jan ra'ayi? Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle na ƙasar Girka ya kasa hanyoyin shawo kan mutum uku: amincewa da mai magana, motsa zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujja. Malaman balagar Larabci kuwa, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukanmu, irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi, sun ɗora ilimin kacokan a kan dacewar zance da halin da ake ciki.

Abin takaici, darasin insha'i a makarantu da dama ya koma hadda. Yaro ya haddace gabatarwa ɗaya, ya tanadi karin magana uku da zai cusa ko sun dace ko ba su dace ba, don samun maki a WAEC ko NECO. Mai duba takardu ya karanta ɗari, ya ji kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su.

Salo kuwa zaɓi ne, kuma ana iya nuna wa yaro shi ƙuru-ƙuru. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Zamani ɗaya, harshe ɗaya. Amma Imam ya cika nasa da barkwanci da shaƙiyancin Malam Zurƙe, Balewa kuma ya bi a natse, da muryar malamin da ya ɗanɗana bauta da rabuwa da uwa. A ajiye shafi ɗaya daga kowanne a gaban aji, a sa yara su auna tsawon jimloli, su nemo inda aka yi raha da inda aka kame baki.

Daga nan sai a ba su aiki: kowa ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙar neman kuɗin littafi, sannan ya nemi kuɗin nan a wurin yayansa. A karanta a aji, kowa ya faɗi dalilin da ya sa ya sauya kalmomin da ya sauya.