Wane gam ne ke riƙe gilashin roba? A sani kafin a haɗa bitirin

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Aguié har Gazawa, ya ga yadda akwatunan gilashi suka yawaita a bakin titi da cikin tashoshi. Mai salula da caja na da nasa, mai biredi da kek na da nasa, haka mai turare da agogo. Shi ne ake ce wa bitirin. Da yawa daga cikinsu yanzu ba gilashin gaske ba ne, gilashin roba ne, wanda masu sana'ar ke kira plexi. An fi son shi don nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, kuma ba ya tarwatsewa idan an ɗora shi bisa moto ko amalanke ranar kasuwa.

Koken da muke yawan ji shi ne na haɗi. Wani matashi ya ba mu labarin nasa: yayansa da ke ci-rani a Aljeriya ya turo kuɗi a kafa masa teburin sayar da salula, ya sayi plexi, ya haɗa da kansa da sufa gulu. Kafin a ci kasuwa uku gefen ya yi fari kamar an barbaɗa gari, rannan yana ɗagawa gindin ya zube da kayan ciki. Wayoyi biyu suka fashe. To, laifin ba na plexi ba ne.

Ga yadda abin yake. Shi wannan roba, wanda wani kamfanin Jamus ya fitar da sunan Plexiglas a shekarar 1933, ba liƙa shi ake yi kamar takarda ko takalmi ba. Narkar da shi ake yi. Gam ɗinsa na ainihi ruwa ne tsararo, ba kauri, ba danƙo. Idan ya shiga tsakanin falle biyu sai ya tausasa fuskokinsu, su cuɗanya, ruwan ya bi iska ya tafi, a bar roba ɗaya. Kusan abin da mai walda ke yi wa ƙarfe kenan, sai dai babu wuta. Shi ya sa in an yi shi daidai ba ka ganin gam a wurin, sai haske.

A ƙasashen waje ana sayar da shi da sunaye irin su Acrifix na Jamus, Tensol na Ingila da Weld-On na Amurka. Akwai mai ruwa-ruwa, na gefen da aka yanka sumul ya zauna daram. Akwai mai kauri kamar zuma, wanda aka narkar da robar a cikinsa, shi ke cike ɗan giɓi idan yankan bai miƙe sosai ba, kuma gaskiya yankan zarto irin namu ya fi buƙatar wannan. Wanda ke nema ya fara tambayar masu yin allunan talla masu fitila a Maraɗi, Katsina ko Kano, su ne ke aiki da plexi kullum. Ƴan uwa da ke waje masu son taimakawa, ku fara tambayar masu ɗaukar kaya, don ruwa ne da ba a yarda a sa shi cikin jakar jirgi haka kawai ba.

Sufa gulu fa? Yana kamawa nan take, shi ne ke ruɗin mutane. Amma tururinsa na sauka a gefen haɗin ya bar farin tabo da ba ya goguwa, kuma in ya bushe ƙeƙashewa yake yi, bugu ɗaya ya ɓalle. Ya isa a maida ɗan guntun da ya karye a kusurwa, ban da ɗaukar nauyi. Silikon, wanda masu aikin gilashi da alminiyam ke matsawa, gwani ne a kan gilashin gaske, amma a kan plexi riƙonsa ba ƙarfi, da farce ma ana ɓare shi. Amfaninsa toshe kafa kar ƙura ko ruwa su shiga. Gam mai kwalba biyu irin Araldite yana ɗan riƙewa idan an kankare wurin da takardar yashi, sai dai yana yin rawaya a rana. Na masu gyaran takalma kuwa a bar shi wa takalma.

Yanzu ga inda muke so a saurara da kyau, don ya shafi rai. Yawancin gam mai narkarwar nan akwai wani sinadari a ciki da za ku ga an rubuta dichlorométhane a jikin kwalba. Yana tafasa ne a zafin digiri 40. Mu kuwa a nan watan Afirilu da Mayu zafin rana na wuce haka. Ma'ana in ka buɗe kwalbar da tsakar rana a bazara, rabin kuɗinka ya bi iska, sauran kuma bai samu lokacin narkar da robar ba ya bushe, haɗin ya fito da kumfa. Iskar da ya bi kuma ita kake shaƙa. Jiki na juya wannan sinadari ya zama irin gubar hayaƙin janareto, ga jiri, ga ciwon kai, a ɗaki rufaffe har suma da mutuwa. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar da shi ga jama'ar gari. Wasu masu sana'a na jiƙa ɓarɓashin plexi cikin kulorofom su yi nasu gam ɗin. Yana kamawa, ba mu musa ba, amma kulorofom na lalata hanta, ba abin ajiyewa a gida ba ne inda yara ke ɗaukar kowace kwalba.

Don haka a yi aikin da sassafe, a waje, cikin inuwa, iska na kaɗawa daga bayanka, ba taba ba garwashi kusa. A goge gefen ya miƙe, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a bari ya bushe. A jera fallayen a ɗaure da salatif yadda ake son su zauna, sannan a ja ruwan da sabon sirinji a bi layin haɗin a hankali, da kansa zai tsotsu ciki. In ɗigo ya faɗa a fuskar plexi kar a share, a bar shi ya bushe, sharewar ce ke ɓata wurin. Cikin ƴan mintoci ya kama, amma a ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba kaya. Kuma kar a ƙona gefen da wuta don ya yi sheƙi kafin a sa gam, yana sa shi tsattsagewa.

Wani abin da ake mantawa: plexi na miƙewa da zafi fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Falle mai tsawon mita 1 na iya ƙaruwa da kusan milimita 2 tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin bazara. In an manne shi ƙam a jikin ƙarfe ko katako, ko dai gam ya saki ko roba ta tsage. Babban bitirin gara a yi masa firam na alminiyam a zura fallen ciki da ɗan sarari, ko a ɗaure da noti a huda ramin ya fi notin faɗi kaɗan. A nan ba a ma buƙatar gam.

Kafin a biya kuɗin gam, a karɓi guntun da ya rage wurin mai yanka a gwada, don ba duk roba mai haske ce plexi ba, akwai mai araha da ke yin fari ko ta tsage da an ɗiga mata ruwan. Robar jarka da bokiti kuwa wannan gam ba ya kama ta sam. Idan ƙurar hunturu ta rufe bitirin, a zuba ruwa a wanke da tsumma mai laushi. Fetur, alkol da ruwan goge farce duk suna sa shi tsagewa, kuma daga bakin haɗin tsagar ke farawa.