Lissafin da Jefa Kwabo ke Gogayya da Kwamfuta

Duk malamin da ya taɓa tsara jadawalin jarrabawa ya san ba a iya biya wa kowa bukatarsa. Sai dai a cika sharuɗɗa mafi yawa. Wannan matsala ce masana lissafi ke kira MaxSAT. Wuyarta kuwa, tambayoyi 30 kacal na "i" ko "a'a" kan haifar da hanyoyi fiye da biliyan ɗaya.

Abin mamaki, idan kowane sharaɗi na da ƙofofi uku, ɗaya ta isa, jefa kwabo kawai kan cika bakwai cikin takwas. A 1997 Johan Hastad na ƙasar Suwidin ya nuna babu dabara mai sauri da za ta lamunce fiye da haka, muddin zaton masana game da wuyar irin wannan lissafi gaskiya ne.