Tayar Tsohuwar Motar Alfarma: Inda Za Ka Rage Kuɗi da Inda Ba A Taɓawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau maganar taya za mu yi. Matasa da dama na sayen tsohuwar motar gudu ta alfarma, ƴar Kwatano ko wadda aka shigo da ita daga Amurka, saboda farashinta ya faɗi. To amma motar ce ta tsufa, buƙatunta suna nan yadda suke. Ranar da taya ta suɗe, mutum ya ji kuɗin sabbi guda huɗu, sai hankali ya tashi, ya nufi duk wadda ta fi araha. Ana iya rage kuɗi, ƙwarai kuwa. Amma a sunan kamfani ake ragewa. Girman taya, nauyin da take ɗauka, gudun da take jurewa da shekarunta, waɗannan ba a ciniki a kansu.

Mu ɗauki Lexus SC430 misali, mai injin V8, wadda aka ƙera daga 2001 zuwa 2010. A jikin tayarta za ka ga an rubuta 245/40R18. Lamba 245 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 40 na nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 98 kacal tsakanin ƙarfen wili da kwalta. Ita kuwa 18 girman wilin ne a inci. Kun ga gefen gajere ne sosai, shi ya sa motar ke kama kwana da kyau, kuma shi ya sa rami ɗaya ke iya kumbura tayar ko ya lanƙwasa wilin.

Bayan waɗannan akwai wata lamba da harafi, kamar 93W. Lamba 93 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 650; da 97 ce, kilo 730. Harafin kuma gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Wani zai ce, "Ni ina zan yi gudun 270 a hanyar Kano zuwa Zariya?" Gaskiya ne, kuma kada ma ka gwada. Sai dai harafin na nuna yadda tayar ke jure zafin da take tarawa a cikinta, kuma zafi shi ne babban abin da ke fasa taya. Don haka ka buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ko littafin motar, kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya tsara.

To mece ce tayar kowane yanayi, wadda ake rubuta wa All Season? An yi ta ne domin ƙasashe irin su Amurka da Kanada, inda shekara ke zuwa da zafi, da ruwa, da sanyi mai tsanani. Tayar bazara tana taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, riƙonta ya ragu. Tayar hunturu kuma robarta laushi ce, tana cinyewa da sauri a kan kwalta mai zafi. Sai aka samar da ta tsakiya, wadda ke ɗan yin aikin kowacce. Yawanci za ka ga M+S a jikinta. Ga ƴan uwa da ke karatu ko aiki a can, wannan tayar na raba mutum da sayen saiti biyu. Amma wanda ke garin da dusar ƙanƙara ke zuba sosai, ya nemi mai alamar dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, ko ya sayi ta hunturu zalla.

Mu nan gida fa? Kwaltarmu ba ta san ƙanƙara ba. Matsalarmu zafin Afrilu ne da ruwan Agusta. Saboda haka tayar bazara mai kyau ta wadatar, har ta kan fi kama birki. Amfanin ta kowane yanayi a wurinmu shi ne yawanci ta fi daɗewa kafin ta suɗe. Abin gudu shi ne tayar hunturu ta hannu da ake shigowa da ita: zanenta na da zurfi, tana ɗaukar ido, amma ba don rana irin tamu aka yi ta ba. Idan ka ga an rubuta Winter a jikinta, ka wuce. Sannan ka duba gefe inda aka rubuta Temperature da Traction. A wurin zafi ka nemi A, a wurin riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya ka nemi AA ko A.

Yanzu ina arahar take? A sama akwai irin su Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus, masu kyau ne amma da tsada. A tsakiya akwai Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, da Falken na Japan, da General wanda mallakin Continental ne, da BFGoodrich na Michelin. Mai zuwa ofis da ɗaurin aure, ba mai tsere ba, a wannan layin na tsakiya ya kamata ya tsaya. Wanda ba ka taɓa jin sunansa ba kuma farashinsa ya yi ƙasa da hankali, ka tuna araha ba ta ado.

Hanya ta biyu ta rage kuɗi: da yawan SC430 da BMW Z4 sun zo da tayar da ke iya tafiya ko ta sace, kusan kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. Tana da tsada, tana da tauri. Za ka iya komawa ta gama-gari, motar ma ta fi laushi. Sharaɗi ɗaya: ka tanadi safaya da jak ko ƙaramin famfon iska, domin yawancin irin waɗannan motoci babu safaya a but. Kuma ka sauya duka huɗun, kada ka gauraya iri biyu.

Sai shekaru. Ka nemo layin da ya fara da DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Roba na bushewa ko tana ajiye a shago. Michelin da kansa yana cewa bayan shekara 5 a riƙa duba taya duk shekara, idan ta kai 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Saboda haka "sabuwa ce fil, oga" ba hujja ba ce, ka karanta da idonka. Zane kuma idan ya ragu zuwa milimita 1.6, zancen ya ƙare, kuma da damina gara ka sauya tun kafin nan.

Idan kuɗin huɗu bai samu ba, ka sayi biyu iri ɗaya ka sa a baya, domin idan baya ya zame a ruwa, sitiyari ba ya ceto. Masu Porsche 911 su lura, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. Bayan an ɗaura, a yi balansin da alaimen, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Iska kuma a auna da safe kafin a hau hanya, da lambar da ke jikin ƙofa, ba wadda mai faci ya saba buga wa kowa ba.

Jama'a, idan taya ta fashe a guje, ba mai motar kaɗai take ɗauka ba. Akwai ɗan acaɓa a gefe, akwai yara masu tsallaka titi. Wanda ba zai iya sa wa motar alfarma tayar da ta dace ba, ya ajiye ta har kuɗin su taru.

Ku fita yau ku duba lambobi huɗun nan a tayarku, ku faɗa mana shekarar da kuka gani. Sai mako mai zuwa, Allah ya tsare hanya.